Yadda Ake Kallon Tsuntsaye da Ɗaukar Hotonsu a Bakin Tafkin da Ke Gindin Dutse

Inda dutse ya sauko ya tarar da ruwa, tsuntsaye iri biyu ne suke haɗuwa a ƙaramin fili: mazauna dutse irin su kazar dutse da hasbiya da shaho, da mazauna ruwa irin su zalɓe da kirinjijiya da dinya. Na dutse dole su sauko shan ruwa, na ruwa kuma a nan suke wuni. Wannan ne ya sa mutumin da ya iya zama wuri ɗaya a irin wannan gaɓa zai ga abin da mai yawon kilomita biyar a daji bai gani ba. Aikin duka ya rataya ne a kan abu uku: inda ka zauna, inda rana take, da yadda ka iya kame jikinka. Tsadar kyamara tana zuwa ne daga baya.

Yawancin ruwan da ke kwance a jihar Kaduna madatsa ne da kududdufai, sai ramukan da masu fasa dutse suka bari ruwa ya cika su. Akwai madatsar Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi, da ta Gurara can kudu wadda ke bai wa Abuja ruwa, da ta Kubanni a Samarun Zariya. Ta fuskar duwatsu kuwa, ga Kufena a Zariya, ga na Kajuru, ga tsaunukan Kagoro kusa da Kafanchan, waɗanda dazukansu na cikin wuraren da ƙungiyar BirdLife ta lissafa a matsayin muhimmai ga tsuntsaye. Amma kada ka raina ƙaramin kududdufi. A watan Maris, ruwan da bai fi faɗin filin ƙwallo ba a gindin fako yakan tara tsuntsaye fiye da babbar madatsa, saboda babu wani ruwan a kusa, kuma komai yana faruwa ne a tazarar da kyamara za ta iya cimma.

Kafin ka ɗauki jaka, ka tambayi halin tsaron wurin a ranar da za ka je, ba labarin makon jiya ba. Akwai dazukan da a yanzu bai kamata a shiga ba ko da me ke cikinsu. In ka isa, fara da gidan mai unguwa ko dagaci, ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nuna masa hotunan tsuntsaye a waya. In akwai sarkin ruwa ko 'yan banga, su ma su san da zuwanka. Baƙo ɗauke da dogon baƙin abu a kafaɗa yana laɓe-laɓe da asuba, kowa ya hango shi daga nesa bindiga zai zata. Ka nemi a haɗa ka da ɗan gari, masunci ko makiyayi, ka biya shi ladan wuninsa. Shi ya san inda dinya ke kwana da inda laka ke nutsar da ƙafa. A madatsa kuma, kada ka juya kyamara wajen bangon dam, ko injinan tura ruwa, ko shingen jami'an tsaro, sai da izini.

Lokacin zuwa

Kowane yanayi da nasa baƙin. Daga Oktoba zuwa Maris tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suna nan, yawancinsu ƙananan masu dogayen ƙafafu da ke bin gaɓa suna caccakar laka. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ruwa yakan ja baya, laka ta fito fili, ciyawa ta ƙone ko ta kwanta, ganuwa ta yi sauƙi. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa da mai koyo. Shamuwa tana isowa da farkon damina, wajen Afrilu zuwa Mayu. Daga Agusta zuwa Oktoba mazan mulufi suna cikin jar rigarsu a ciyayin bakin ruwa, masu saƙa kuma suna rataye da sheƙunansu a rassan da suka sunkuyo kan ruwa. Sai dai damina tana zuwa da doguwar ciyawa, da santsin dutse, da tsawa. In hadari ya haɗo, sauka daga kan dutse nan take, kuma kada ka fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Rana tana fitowa a Kaduna wajen ƙarfe 6:10 a watannin Mayu da Yuni, ta jinkirta zuwa wajen 6:50 a ƙarshen Janairu. Ka yi sallar asuba kusa da wurin, ka zauna a mazauninka minti ashirin zuwa talatin kafin fitowar rana. Tsuntsun da ya farka ya tarar da kai a zaune yakan ɗauke ka kamar kututture. Wanda ya ga isowarka kuwa, ya riga ya sa maka ido.

A nan ne tafkin gindin dutse ya bambanta da na fili, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke asarar safiyarsu. In dutsen yana gabas da ruwan, rana za ta fito amma ruwan yana cikin inuwa, sararin sama ya yi fari tas, ƙasa kuma duhu. Akwai hanyar auna jinkirin. A ƙasarmu rana tana hawa kusan a miƙe, digiri 15 a kowace awa. Miƙa hannunka gaba ɗaya ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen ya kai kamar digiri 10. Tsaya inda kake son zama, ka jera dunƙule kan dunƙule daga daidai tsayin idonka zuwa ƙololuwar dutsen ta gabas. Kowane dunƙule ɗaya jinkirin minti 40 ne. In ka ƙirga uku, hasken ba zai taɓa gabanka ba sai bayan awa biyu da fitowar rana, lokacin da ya riga ya yi kaifi, tsuntsaye kuma sun fara rage kai-komo. Irin wannan gaɓa sai da maraice, daga bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. In kuwa dutsen yana yamma da ruwan, ka samu abin da ake nema: zauna a gaɓar gabas, rana a bayanka, hasken farko ya faɗa kan fuskar dutsen da ruwan tare. Gwajin mai sauƙi ne. Inuwarka ta miƙe wajen tsuntsun. In tana gefe, rabin tsuntsun zai fito baƙi. In tana bayanka, inuwar tsuntsu kawai za ka ɗauko.

Saboda haka ziyarar farko ta leƙe ce, da rana tsaka, ba don hoto ba. Ka zaga ka duba inda rafi ke shigowa tafkin, domin nan ne ruwa ba shi da zurfi kuma abinci ya fi yawa. Ka duba busassun itatuwan da ke tsaye cikin ruwa, da duwatsun da farin kashi ya ɓata. Farin kashin shaida ce cewa akwai mai zama a nan kullum. Ka duba sawu a laka, ka lura da hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya da kuma lokacinsu, don kada ka kafa mazauni a kan burtali.

Madubin hange

Madubin hange mai ido biyu ya fi kyamara muhimmanci, domin da shi ake gano tsuntsun tun kafin a yi maganar hoto. Nemi mai lamba 8x42. Lambar farko tana nufin yana kusanto da abu sau takwas, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. Mai 10x42 yana da amfani a babban ruwa, amma yana nuna rawar hannu kuma filin da yake gani ya fi ƙunci. Ka guji waɗanda ake tallatawa da manyan lambobi irin 20x50 ko masu zuƙowa da mayarwa: ba a iya riƙe su cak, kuma hotonsu dishi-dishi ne.

Idanun mutum biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba, don haka sai an saita madubin sau ɗaya. Lanƙwasa shi har da'ira biyun su zama ɗaya. Rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, ka dubi wani abu mai rubutu ko reshe a tazarar mita 30, ka murza ƙarfen tsakiya har ya fito sarai a idon hagu. Sannan rufe na hagu, kada ka sake taɓa na tsakiya, ka murza zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya fito. Shi ke nan. Wanda bai yi wannan ba yakan koma gida da ciwon kai ya ɗora wa madubin laifi. Mai sa tabarau ya murza robar bakin madubin ƙasa, wanda ba ya sawa ya ɗago ta. In ka hango tsuntsu, kada ka sunkuya neman madubin. Kafe idonka a kansa, ka ɗago madubin ya shiga tsakaninku.

Gane tsuntsu yana da tsari, kuma launi ne na ƙarshe, domin hazo da inuwa suna sauya shi. Fara da girma, ka gwada da waɗanda ka sani: kamar kanari, kamar kurciya, kamar hankaka, ko kamar zabo. Sai baki: gajere mai kauri na cin hatsi, siriri na kama ƙwari, dogo kamar mashi na kifi, ko mai lanƙwasa na nama. Sai ƙafa da wutsiya, sai abin da yake yi. Wanda ke tafiya a kan ganyen bado da dogayen yatsu ba ya ɓoyuwa. Haka baƙi-da-farin nan da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike kafin ya faɗa ruwa ya sunkuto kifi. Sai kuka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a dutse kunne yana riga ido: kazar dutse za ka ji garkenta na rera kuka da sassafe tun kafin ka ga ko ɗaya, kirinjijiya kuma da fito take sanar da zuwanta. Rubuta komai a ƙaramin littafi nan take, da kwanan wata da lokaci da adadi. Najeriya tana da tsuntsaye sama da iri 900, ba mai riƙe su a ka. Littafin Borrow da Demey na tsuntsayen Afirka ta Yamma shi ne abin dogaron masu wannan harka, sannan akwai manhajar Merlin mai taimakawa wajen gane tsuntsaye. Sauke bayananta a waya tun a gida, don sabis yakan ɗauke a bayan dutse.

Kyamara da saitinta

Lans, wato gilashin gaban kyamara, shi ne inda ya kamata kuɗi su tafi. Da milimita ake auna ƙarfin zuƙowarsa: ƙasa da milimita 300 wahala ce kawai, 400 ne mafarin jin daɗi. Masu zuƙowa daga 100 zuwa 400 ko daga 150 zuwa 600 su ne aka fi amfani da su. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya farawa da kyamarar da lans ɗinta a manne yake, kamar Nikon P950 mai zuƙowa sau 83. Tana yin kyau a tsuntsun da ke zaune cikin haske, amma tana gazawa a duhun asuba da kuma kan mai tashi.

Dogon lans ba ya ɗauke maka matsowa, kuma lissafi ne ya nuna haka. Da lans 400 a kan kyamara mai matsakaicin sensa, wato ɓangaren da ke karɓar hoto a cikinta, faɗin abin da hoton ke ɗauka a tazarar mita 10 bai wuce santimita 60 ba. Ƙaramin tsuntsu mai tsawon santimita 15 zai cika kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin kenan. A mita 30 ya zama ɗigo. Zalɓe, mai tsayin kusan mita ɗaya, yana cika hoton a mita 25 zuwa 30. Don haka ƙanana sai a mita 6 zuwa 10, manya a 20 zuwa 30. Abin da ya wuce haka hoton shaida ne, a ɗauka don a gane irin tsuntsun.

Abu uku ke sarrafa haske. Na farko saurin ƙyaftawar kyamara, kuma shi ne ya fi ɓata hotunan tsuntsaye. Ga wanda ke zaune, 1/1000 na daƙiƙa in kana riƙe da hannu, za ka iya sauka zuwa 1/500 in ka jingina. Manya masu tashi kamar zalɓe da shamuwa, 1/2000. Ƙanana masu sauri da masu faɗawa ruwa, 1/3200. Na biyu ƙofar haske: buɗe ta iyakarta, f/5.6 ko f/6.3, da sassafe, ka rage zuwa f/8 (girman lamba, ƙuncin ƙofa) in haske ya wadata ko tsuntsaye biyu ne a jere. Na uku ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske, wanda in ya yi yawa hoton kan yi yashi-yashi: bar kyamara ta zaɓa da kanta, amma ka sa mata iyaka a 3200, ko 6400 in sabuwa ce. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi a kwamfuta. Wanda ya girgiza ba shi da magani. Mafi sauƙi shi ne ka sa kyamara a M, wato saitin hannu, ka zaɓi na farko da na biyu da kanka, ISO ya biyo baya. Fokas ya kasance mai bin motsi, wanda Nikon da Sony ke rubutawa AF-C, Canon kuma Servo. Ga mai zama cikin rassa, yi amfani da ɗigon fokas guda ka ɗora shi a ido. Ga mai tashi a fili, buɗe ɗigo da yawa. Ɗauki hoto a jere, uku zuwa biyar a danna ɗaya, kuma a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, in kana da inda za ka gyara.

Ma'aunin hasken kyamara yana son mayar da komai toka-toka, kuma ruwa da dutse suna ruɗa shi fiye da ko'ina. Farar balbela a gaban baƙin dutse ko ruwa mai duhu: kyamara za ta ga duhu ya yi yawa ta ƙara haske, balbelar ta ƙone, ta fito fara fat ba layin gashi ko ɗaya. Rage haske da maɓallin +/- zuwa -1, wani lokaci har -1.7 in rana ta take. Shaho ko shirwa a sararin sama kuwa akasin haka ne: kyamara za ta rage, tsuntsun ya fito baƙi ƙirin. Ƙara +1 zuwa +2, musamman a farin saman hunturu. Haka ma agwagwa a kan ruwa mai walƙiya, ƙara +1. Kunna alamar nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyafƙyaftawa a allo, ka duba bayan hoton farko, ba bayan na ɗari ba. Kuma da zarar ka gama da mai tashi, mayar da maɓallin sifili, don mantuwa a nan takan lalata hoton da ya fi kowanne.

Akwai ɓarna biyu da ba laifin kyamara ba ne. Ɗaya hazon hunturu: ƙurar da ke tsakaninka da tsuntsu tana wanke launi, kuma tana ƙaruwa da tazara, don haka a ranar hazo kada ka wahalar da kanka da abin da ya wuce mita 20. Amfanin hazon shi ne yana tausasa rana, ya ƙara maka kamar awa guda ta aiki. Ɗayar kuma zafin dutse. Daga wajen ƙarfe goma fako yakan ɗau zafi, iskar da ke kansa ta riƙa rawa, duk hoton da ya ratsa ta sai ya fito kamar an shafa masa mai, komai kyan saiti. Mutane da yawa sun kai lafiyayyen lans wurin gyara saboda wannan. In ka leƙa madubi ka ga gefen dutse yana malelekuwa, hoton nesa ya ƙare a ranar.

Zama da matsowa

Tsofaffin maharba da ke ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya suna tafiya a hankali sun fahimci abin da namun daji ke tsoro: siffar mutum a tsaye, da motsi na farat ɗaya. Ka bar farar shadda da farar hula a gida, ka sa kaya ruwan ƙasa ko toka ko kore mai duhu, marasa ƙara in sun gogu. A dutse kada ka tsaya a ƙololuwa inda siffarka za ta fito a sararin sama. Bi ta gefe, ka zauna da dutse ko kurmi a bayanka. Waya a kashe mata ƙara, kyamara ma haka.

In dole ka matsa, kada ka nufi tsuntsun kai tsaye kuma kada ka zuba masa ido. Yi tafiyar karkace, taku biyar ka tsaya, ka ɗauki hoto, ka ƙara. Matsa lokacin da kansa ke ƙasa yana ci. In ya daina ci ya miƙe wuya, tsaya cak har ya koma. In ya fara tafiya yana ba ka baya, ka kai iyakarsa, ƙarin taku ɗaya zai tashe shi tare da duk na kusa. Ka kula da zakaran ƙeƙuwa musamman. Shi ne mai gadin bakin ruwa, in ya tashi yana ihu ya gama tona maka asiri, sai ka zauna minti ashirin kafin wurin ya koma daidai.

Zama ya fi bi nesa ba kusa ba. Zana guda biyu da turaku huɗu sun isa maɓoya: tsayi kamar mita ɗaya da rabi, a yanka taga mai faɗin tafin hannu biyu daidai tsayin lans in kana zaune, a rufe baya don kada haske ya nuna motsinka. Tsuntsayen karkara sun saba ganin zana, ba ta ba su tsoro kamar tanti. Kafa ta kwana biyu ko uku kafin ranar, da izinin mai gonar, mita 8 zuwa 10 daga inda ka ga sawu ko farin kashi. Kafin ka shiga da asuba, haska tocila ka bubbuga da sanda, don maciji da kunama su ma suna son irin wurin.

Tsayin kyamara yana sauya hoto fiye da yadda ake zato. Wanda ya ɗauka a tsaye zai samu tsuntsu manne da laka. Wanda ya kwanta rub da ciki a tabarma, lans a daidai idon tsuntsun, zai samu bayan hoton ya narke, tsuntsun ya fito shi kaɗai, har da inuwarsa a ruwa in iska ba ta taso ba. Don jingina lans, ɗinka ƙaramar jaka ka zuba mata wake ko gero kilo biyu. A kan dutse ta fi sanda mai ƙafa uku zama daram, kuma ba ta da tsada.

Sanin ɗabi'a shi ke ba ka daƙiƙa ɗaya ta shiri. Masu kamun kifi suna komawa reshe ɗaya sau da yawa, don haka saita fokas a reshen ka jira. Manyan tsuntsaye suna tashi da sauka suna fuskantar iska, saboda haka ranar da iska da rana duka suke bayanka, za su taso suna kallonka. Tsuntsun da ya yi kashi ya ɗan duƙa, tashi zai yi. Hasbiya da kurciya suna saukowa shan ruwa bayan rana ta ɗan ɗaga, sukan fara sauka a kan dutse su duba kafin su ƙarasa, kuma hoton kan dutsen ya fi na bakin ruwan kyau. Shaho da sauran masu shawagi ba sa tashi sama sai iska ta ɗumama, wajen tara da rabi zuwa sha ɗaya, suna bin fuskar dutsen. In ka hau rabin tsaunin za ka same su a daidai idonka maimakon ka riƙa ɗaukar cikinsu daga ƙasa. Da magariba kuma yautai yakan fito kan fako.

Lafiyarka da ta tsuntsun

Kada ka shiga ruwan, ko don alwala. Ruwan kwance da ke da dodon koɗi yana ɗauke da tsargiya, kuma ƙwayar tana ratsa lafiyayyar fata cikin mintuna. Ɗauki ruwan sha lita uku a bazara, da na alwala daban. Sa takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando saboda kububuwa da kasa, kada kuma ka cusa hannu a tsagar dutsen da ba ka ga cikinta ba. Ƙudan zuma suna kafa gida a kogunan dutse, in ka ji gunjinsu ja da baya ba tare da kaɗa hannu ba. Baƙin layin da ruwa ke bi a kan fako yana da santsi kamar sabulu in ya jiƙe. A kwalekwale, rigar hana nutsewa a jikinka, kyamara a leda mai ɗaurewa.

Sheƙa abin kallo ne daga nesa. Uwar da aka tasa daga kan ƙwai a zafin Afrilu, ƙwan kan lalace cikin ɗan lokaci, hankaka kuma yana kallon inda ka tsaya. Kada ka karya reshe don sheƙa ta fito a hoto. Kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi yana hana shi kiwo da gadin gidansa, a lokacin ƙwai a bar shi gaba ɗaya. Yara za su biyo ka, wasu da danƙo. Ba su madubin su leƙa, ka tambaye su sunayen tsuntsaye, sukan san da yawa. Amma kada ka taɓa ba da kuɗi don an kamo maka tsuntsu, domin gobe za a kamo goma. In ka ci karo da sheƙar ungulu ko mujiya ko gauraka, kada ka wallafa takamaiman wurin a Facebook. Ungulu ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, kuma cinikin sassan jikinta na cikin dalilan.

Bayan an dawo

Kada ka cire lans a fili lokacin hunturu, ƙura za ta zauna a sensa ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a kowane hoton sama. In ka dawo, fara hure ƙurar da 'yar robar busa iska, sannan buroshi mai laushi, sannan ƙyallen goge gilashi. Wanda ya fara da gogewa, ko ya sa bakin riga, yashi yake gurzawa a gilashin. Da damina matsalar danshi ce: lans ɗin da ya kwana a jiƙaƙƙiyar jaka yakan yi fumfuna daga ciki, kamar yanar gizo-gizo, gyaranta kuma da tsada. Ajiye kaya a roba mai murfi da ƙullin silika, irin wanda ake samu a kwalin takalmi amma mai yawa, ka riƙa busar da shi lokaci-lokaci. Batir biyu da memori biyu su ne mafi ƙarancin guzuri, kuma a cika caji tun dare saboda halin wuta.

Wajen tace hotuna, zuƙo kan ido. In idon bai fito sarai ba, goge hoton, sai dai in shi kaɗai ne shaidar wani baƙon tsuntsu. Kada ka yanke fiye da rabin hoto, kuma ka bar fili a gaban bakin tsuntsun, wajen da yake kallo. Daidaita agogon kyamara, domin kwanan wata da wuri su ne ke mayar da hoto bayani mai amfani. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda masu sa-kai ke tura jerin abin da suka gani ta manhajar BirdLasser, akwai kuma wata manhajar irinta, eBird. Ka tura har da balbela da hankaka, ba sai baƙin tsuntsaye kaɗai ba, ka kuma koma tafki ɗaya a kowane wata, a mazauni ɗaya da lokaci ɗaya, don jerin watan Maris ya yi gwaduwa da na Satumba.